Farin Bango da Jan Ɗigo

Abu na farko da na koya a baje kolin zane-zane na birnin Legas shi ne ma'anar jan ɗigo. 'Yar takarda ce mai danƙo, faɗinta bai kai na sisin kwabo ba, ana manna ta kusa da sunan mai zane idan aikinsa ya sami mai saye. Na yi kusan sa'a guda ina zagaya rumfuna ban san haka ba, ina tsammanin wata alama ce ta ma'aikatan wurin. Da wata budurwa mai tsaron rumfa ta warware mini, sai na juya na sake bin inda na fito, kuma a wannan komawar ce na kama kaina dumu-dumu. Wani zane da na wuce ɗazu ko tsayawa ban yi ba, da na ga jan ɗigo a gefensa sai ya soma yi mini kyau. Ƙyallen yana nan yadda na bar shi, fitilar da ke haska shi ba a ƙara mata ƙarfi ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne labarin cewa wani ya zaro kuɗi ya biya, kuma wannan labari ya isa ya sauya mini ido. Na ji kunya, daga wannan kunyar kuwa sharhin nan ya tsiro.

Bikin da nake magana a kai shi ne ART X Lagos, wanda Tokini Peterside ta assasa a shekarar 2016, ake kuma gudanar da shi a farkon watan Nuwamba a Tsibirin Biktoriya. Masu gidajen sayar da zane daga Legas da Akara da Abijan da Dakar da Landan kan kama rumfuna, kowa ya rataye abin da ya zo da shi a jikin farin bango na 'yan kwanaki. Sauran gidajen zane na Ikoyi da Lekki su ma sukan daidaita buɗe nasu nune-nunen da wannan mako, ta yadda baƙo zai tashi da safe da jerin wurare shida a takarda, cunkoson motoci ya bar shi ya ga biyu. Ba zan tauye wa bikin haƙƙinsa ba.  A nan ne ma, a Nuwamban 2018, aka nuna wa jama'a "Tutu", hoton gimbiyar Ife da Ben Enwonwu ya zana a 1974, wanda ya ɓace shekaru aru-aru kafin a tsince shi a wani gida a arewacin Landan, aka yi gwanjonsa a watan Fabrairun 2018 a kan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Na kuma ga 'yan makaranta an jero su cikin kayan makaranta, malamarsu tana hana su taɓa bango, wani yaro ya tsaya baki buɗe gaban wani sassaƙe har sai da aka jawo hannunsa. Ko don wannan yaron kaɗai aka yi taron, ba a yi asara ba.

Sai dai dole mai karatu ya riƙe abu guda: baje koli kasuwa ce. Bahaushe kuwa ba baƙon kasuwa ba ne, don haka ban daɗe ba na fara gane al'adun wurin duk da sanyin na'ura da ƙamshin turaren 'yan birni. Ba a cika rubuta farashi a bango ba. Sai ka nuna sha'awa, a dube ka daga hula har takalmi, sannan a matso a raɗa maka, galibi da dalar Amurka, tamkar yadda dillalin shanu ke jan mai saye gefe a kara. Akwai ranar manya kafin ranar gama-gari, saboda haka yawancin jan ɗigon da mu 'yan kallo muke tarar da shi an manna shi ne tun kafin a buɗe mana ƙofa. Babu laifi a ciniki. Mai zane ma yana da hayar gida da kuɗin makarantar 'ya'ya. Abin lura shi ne yadda kasuwa ke horar da hannun mai sana'a a hankali ba tare da ta ɗaga murya ba. Zanen da zai ja ido a rumfa ta arba'in, bayan ido ya gaji da talatin da tara, dole ya zama babba, mai launi mai ƙara, wanda zai fito da kyau a wayar hannu idan an tsaya a gabansa an ɗauki hoto. Shi ya sa na yi ta cin karo da fuska iri ɗaya a rumfuna daban-daban: matashi ko budurwa mai baƙar fata siɗik, cikin tufafi masu walƙiya, a zaune gaban furanni, ido cikin ido da mai kallo. Waɗanda suka fara wannan salo suna da abin da suke faɗa game da mutuncin baƙar fata a duniyar da ta daɗe tana raina shi. Na ashirin da ya biyo bayansu, ina zargin, abin da ya ji kawai shi ne an ce yana sayuwa.

Duk wannan ƙorafi ne da kowane mai kallo zai iya yi, ko daga ina ya fito. Akwai kuma wanda ya shafe ni a matsayina na wanda ya taso a Zariya, shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Arewa tana nan a bangon Legas, ba a manta da ita ba. A kusan kowane gidan zane da na leƙa cikin wannan mako, daga masu tsada har na bakin titi, sai na tarar da ɗayan biyu: mahaya dawaki a hawan salla, ko 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka. Da farko na ji daɗi, kamar wanda ya ji ana Hausa a ƙasar da ba ya tsammani. Da na matsa kusa sai daɗin ya ragu. Mahayan ba su da fuska. Ƙura ce da rawani da mashi, an watsa ja da ruwan ɗorawa don a nuna gudu. A wani zane na ƙirga mahaya bakwai, kowannensu da rawani mai kunne biyu, alhali ƙaramin yaro a Kano ya san wannan naɗi na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, ba na duk wanda ya hau doki ba. A wani kuma an ba mai busa algaita kumatu a lotse, wanda ke nuna mai zanen bai taɓa tsayawa kusa da mabushi ya ga yadda yake cika baki da iska yana shaƙa ta hanci ba. Wani zai ce mai zane ba mai ɗaukar hoto ba ne, yana da 'yancin sauya abin da ya gani. Gaskiya ne, amma sai ka gani tukuna kake sauyawa. Waɗannan ayyuka daga kalanda aka kwafo su, kalandar ma daga wata kalandar. Hawan Daushe yana da tsari, wane hakimi ke bin wane, wa ke gaban sarki, wa ke bayansa, kuma duk ma'anarsa tana cikin wannan tsari ne. Idan aka zubar da shi, abin da ya saura ado ne na falon otal.

Ba kowa ba ne ya yi mana wannan kallon na nesa. Jimoh Akolo, wanda ya yi karatu a Zariya ya kuma koyar a can shekaru masu yawa, ya zana makaɗa da mahayan Arewa tun farkon shekarun 1960, kuma a aikinsa ana jin nauyin jikin mutum a kan sirdi. Jerry Buhari ya shafe shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello yana zane kan lalacewar ƙasa da muhalli ba tare da ya nemi taimakon doki ko ƙwarya ba. Fati Abubakar kuwa, 'yar Maiduguri, da ta ga duniya ba ta san Borno da komai ba sai gawa da hayaƙi, ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwanni da wuraren biki da filayen wasan yara, ta fito da jerin hotunan da ta kira "Bits of Borno". Ga amarya da lalle, ga tsoho a kan keke, ga yara sun yi kwalliyar salla a garin da aka ce rayuwa ta ƙare. Bambancin aikinta da na masu kalanda shi ne mutanen da ke cikin hotunanta suna da abin da suke yi da ranarsu, ba su tsaya domin a kalle su ba. Amma irin waɗannan sunaye ba su da yawa a bangon Legas. Abin zanawa ne mu a can, da wuya mu zama masu riƙe da burushin.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna inda zanen zamani na Nijeriya ya yi wayo. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a ci gaba da koya musu zane kamar 'ya'yan Ingila. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce kowa ya koma ya tono abin da kakanninsa suka bari, ya gauraya shi da dabarun da ya koyo a aji. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Duk dillalin da na zanta da shi a Legas ya san wannan tarihi, yana kuma ambaton Zariya da girmamawa, domin aikin waɗannan mutane yana cikin mafi tsada a kasuwa. Amma Zariyar da suke nufi ita ce ta harabar makaranta. 'Yar tafiya kaɗan daga nan akwai birnin da magina suka cika fuskokin gidajensa da zanen dagi da takobi, daga baya har da keke da agogo, akwai kuma masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, da bakan gizonsa na ƙasa da azara da har yau masana gini ke zuwa aunawa. Shawarar da ɗaliban 1958 suka bai wa kansu, 'ya'yan wannan birni ne suka fi kowa kayan aikin cika ta, su ne kuma suka fi kowa ƙauracewa ajin.

Na san amsar da ake bayarwa, domin ni ma da ita aka rene ni: addini ya hana sura. Ba ni da ilimin shiga wannan mas'ala, kuma ban zo yin fatawa ba. Abin da zan iya shaida shi ne yawancin ayyukan da suka fi tsayar da ni a Legas babu surar mai rai a cikinsu ko ɗaya; layi ne da launi da maimaici, wato ainihin abin da hannun Bahaushe ya ƙware a kai tun kafin a san burushi. Duk wanda ya ga allon zayyana da ake yi wa mai saukar karatu ya san haka. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo ne a Omdurman. Daga lanƙwasar harufan da ya koya a gaban mahaifinsa ya gina salonsa, har gidan Tate na Landan ya shirya masa babban nuni na shi kaɗai a 2013. Saboda haka ban gamsu cewa addini ne kaɗai ya tsare mana hanya ba. Akwai wani abu dabam, kuma a wani ƙaramin gidan zane a Ikoyi na gan shi ƙuru-ƙuru.

A can cikin ɗaki na ciki, an rataye wata tsohuwar babbar riga a bayan gilashi, an buɗe hannuwanta kamar tsuntsu. Saƙi ce mai shuni, da aska takwas a gaba, da tambari a ƙirji da wani a baya, zaren ado ya dushe ya koma launin ƙasa. Ita ce abu mafi kyau a ginin baki ɗaya, ina faɗin haka ba don son kai ba. 'Yar takardar da ke gefenta ta ce aikin Hausa ne, na ƙarni na ashirin, ba a san wanda ya yi ba. Taku uku daga nan akwai zanen wani matashi da bai daɗe da gama makaranta ba, an rubuta sunansa da shekarar haihuwarsa da garinsu da wuraren da ya taɓa nuna aiki, da sakin layi guda na bayanin abin da yake nufi. Na daɗe tsaye tsakanin takardun nan biyu. Ƙanin mahaifina ɗinkin hannu ne sana'arsa, na tashi ina ganin sa a zaure da riga a kan gwiwa wata da watanni, don haka na san riga irin wannan hannu nawa take bi: masaƙi ya saƙa ƙyalle siri-siri, maɗinki ya harhaɗa, wani gwani ya zana askar da alƙalami, mai ado ya bi ta da allura, mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi. Kowannensu yana da suna, kuma a zamaninsa masu sayen riguna sun san shi, suna bambanta hannunsa da na wani. Ba mai gidan zanen ne ya shafe sunayen ba. A wurinmu suka ɓace, domin mun riƙe sunan wanda ya sa rigar, mun saki na wanda ya yi ta.

Kada a ce ai aikin hannu da yawa ba ya ɗaukar suna. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Nsukka tun daga 1975, da murafan kwalabe da wayar tagulla yake haɗa manyan mayafan ƙarfensa da duniya ke rububi, kuma matasa da dama ne ke zaune suna hudawa suna ɗaurawa a ƙarƙashin umarninsa. Tsarin aikinsa bai yi nisa da na rigar nan ba. Abin da ya samu, wanda gwanin da ya zana aska takwas bai samu ba, shi ne mutanen da suka zauna suka rubuta sunansa, suka bayyana abin da ya sa aikinsa na bana ya bambanta da na bara.

Labarin Ladi Kwali ya fi kowanne haska wannan batu, kuma hotonta yana aljihun kowa a bayan takardar naira ashirin. Bagwariya ce da ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. Wanda ya fara gane darajar hannunta shi ne Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya tara tukwanenta a fadarsa, a garin da ake kira Suleja yanzu. A can Baturen nan Michael Cardew ya gan su, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. Daga nan aka kai aikinta Landan, aka ba ta lambobin yabo, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ido na gida ne ya gano ta, na waje ne ya rubuta. Amma akwai wani ɓangare na labarin da ke hana ni saurin murna. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafa, iska na busar da gumin tana tafiya da zafi. Tulunan da Ladi ta riƙa ginawa a cibiyar, da yumɓu mai nauyi, aka shafe su da sinadarin ƙyalli aka gasa a wuta mai tsanani, sun fito da kyan da ba a taɓa gani ba, ƙadangaru da kifayen da ta zana a jikinsu suna leƙowa ta ƙarƙashin ƙyallin. Sai dai sun yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, kuma ba sa tsatsafa, don haka ba sa sanyaya ruwa. Ranar da tulun ya cancanci farin bango, ranar ya daina shayar da kowa.

Haka ita ma rigar Ikoyi. Babbar riga ba a yi ta don a shanya ta a miƙe ba. Kyanta yana fitowa ne idan mai ita ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, askar ta karye ta sake miƙewa yayin da yake tafiya, shunin ya kama rana ya saki. A bayan gilashi an tsare ta daga asu da gumi, an kuma raba ta da rabin abin da ya sa ta zama abin kallo. Don haka ba ina kira ba ne a kwashe kayanmu a kai Tsibirin Biktoriya a manna musu jan ɗigo. Na riga na faɗi abin da jan ɗigo ya yi wa idona. Abin da na yi wa Legas hassada a kai ya fi wannan sauƙi: a can ana tsayawa a gaban abu a yi gardama a kansa. Na ji mutum biyu sun kusa ɓatawa kan ko wani shuɗi ya yi yawa a kusurwar zane. Mu muna da masu sharhin waƙar Shata baiti-baiti, muna da masu feɗe littattafan hikaya da finafinan Kano a jarida da rediyo, amma idan aka zo ga abin da ido ke gani, daga "tubarkalla" sai "ya yi kyau", magana ta ƙare. Kalmar "zane" ma ita ke ɗaukar abin da aka yi da alƙalami, da na bango, da na fuska, da wanda mace ke ɗaurawa, kamar harshen bai ga dalilin rarrabe su ba.

Cewa ana iya riƙe sana'ar gida a kuma ba ta suna, gidan Nike Davies-Okundaye da ke Lekki ya ishe mu shaida. Bene ne mai hawa-hawa, cike maƙil da dubban ayyuka, ana shiga kyauta, har cikar tasa takan gajiyar da ido. Matar da ta gina shi da rinin adire ta fara, wanda ta koya a hannun tsofaffin gidansu, da baba irin wanda ake zubawa a marinar Ƙofar Mata. Ba ta bar rini ta koma fenti don a ɗauke ta da daraja ba. Ta tsaya a kan rinin, ta koyar da mata masu yawa, ta bayyana sunan kowane zane da ma'anarsa har aka rubuta. Na fito daga wurin ina lissafin marina nawa na sani a Kano da Kura da Zariya waɗanda hannunsu bai gaza nata ba, na kuma tarar ban san sunan ko ɗaya ba. Ni ɗin nan mai ƙorafi.

Washegari na biya kasuwar kayan hannu ta Lekki, inda 'yan Arewa ke da rumfuna da yawa. Na tsaya wurin wani dattijo mai sayar da tumtum da jakunkunan fata, muka gaisa, ya tambaye ni mutanen gida. Na ɗaga wani tumtum mai aikin ja da kore, ɗinkinsa ƙanana kamar ƙwayar gero, na ce, "Baba, wannan wa ya yi shi?" Ya ce, "Yaranmu ne a gida." Na ce, "Wane ne daga cikinsu?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, suna ka zo saye ko tumtum?" Sannan ya nuna rumfar maƙwabcinsa da haɓa, inda aka jingine zanen mahaya dawaki sun fi ashirin, ya rage murya ya ce, "Waɗancan in ba a sa musu hannu a ƙasa ba, ba sa sayuwa. Shi ya sa kowanne sai an yi masa ɗan jagwalgwalo a kusurwa." Na saya, ban nemi ragi sosai ba.

Ranar da zan bar gari na leƙa gidan kayan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A can akwai kawunan yumɓu na Nok, da aka tono a ƙasar da ke kudancin Kaduna, masu shekaru fiye da dubu biyu, da idanunsu masu kusurwa uku da huda a tsakiya. Mu maziyarta kaɗan ne a ranar, kuma kusan dukanmu mun fi daɗewa a gaban motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976, muna ƙirga ramukan harsashi. Ita tana da labari da suna da kwanan wata.

Da na koma Zariya na je gaishe da Baffa. Ya bar ɗinki, ido ya yi rauni, allura ba ta shiga masa. Bayan an taɓa hira na ciro waya na nuna masa hoton rigar Ikoyi, na ce, "Baffa, ga wata riga na gani a Ikko, an ce ta Hausawa ce, ba a san mai ita ba." Ya karɓa ya kai ta dab da fuska, ya ce in ƙara mata girma. Na buɗa masa wajen tambarin. Ya daɗe shiru, yana bin gilashin wayar da ɗan yatsa kamar zai ji zaren. Can ya ce, "Wannan ba hannun garin nan ba ne. Dubi yadda idanun suka matsu, ba mu cika su haka. Aikin Nufawa ne, ko wanda ya koya a wurinsu." Ya sa na gangara zuwa askar, ya sake dubawa, ya ce, "Kuma mutum biyu ne. Na farko ya yi aska biyar, ya san abin da yake yi. Ukun ƙarshe wani ne ya ƙarasa, yana sauri, wataƙila salla ta matso." Na tambaye shi wa ke zana musu aska a zamaninsu kafin su sa allura. Ya faɗi sunan wani malami da na mahaifinsa da unguwarsu, ya ce duk wanda ya ga lanƙwasar tambarinsa ya san shi, ya fara lissafo waɗanda suka koya a wurinsa, ya kai na uku ya tsaya, na huɗun ya ɓace masa. Na laluba aljihu ina neman biro. Aka kira la'asar, ya miƙa mini wayar, ya jawo buta, ya ce in dawo gobe da hantsi, wataƙila kafin nan ya tuno.